Zan kai mahaifiyata Ɗa'ifa daga Makka: tafiyar ta cancanci wahalarta?

"Assalamu alaikum Malam. In Allah ya yarda zan raka mahaifiyata umara, za mu yi kwana 9 a Makka. Tun tana yarinya take jin ƙissar jifan da aka yi wa Manzon Allah (SAW) a Ɗa'ifa, ta ce lallai sai ta ga garin da idonta. Shekararta 68, tana fama da ciwon gwiwa da hawan jini. Wani abokina ya ce ɓata lokaci ne, wai babu komai a can sai birai da sanyi, gara mu zauna a Harami mu tara lada. Tafiyar ta cancanci wahalarta? Me za mu gani? Kuma da gaske ne in mun fita sai mun sake ɗaukar harami kafin mu dawo?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya kai ku lafiya, ya karɓa, ya saka maka da alheri a kan wannan rakiya. Abu uku ka tambaya a dunƙule: ko garin ya kai a bar Harami dominsa, ko jikin Hajiya zai ɗauka, da kuma maganar harami a hanyar dawowa. Na daɗe ina raka masu umara, hanyar nan kuma na bi ta da tsofaffi da yara, da zafi da sanyi. Shawarata ita ce ka kai ta. Amma ka ba tafiyar yini guda cur, ka ɗauki mota ku kaɗai, kuma ka san tarihin kafin ku tashi, domin in ba ka sani ba direba ne zai karantar da ku, kuma karatun direba akwai ƙarin gishiri.

Abokinka bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Birai suna nan, sanyi ma yana nan, kuma Ɗa'ifa ba ta cikin masallatai uku da aka ce a yi tafiya takanas dominsu. Babu wata salla ta musamman ko addu'a ta musamman da aka shar'anta a can. Sai dai ka yi lissafi: in kun fita bayan Asuba, Azahar da La'asar ne kawai za su wuce ku a Harami, ku dawo ku riski Magariba ko Isha'i. Salla biyu ke nan cikin 45 na kwana tara. Tsohuwar da ta shekara 60 tana riƙe da wannan ƙissa a ranta, ni ban ga dalilin hana ta ba.

Garin da hanyarsa

Ɗa'ifa tana kan jerin duwatsun Sarawat, gabas da Makka, tafiyar kusan kilomita 90. Makka tana ƙasa da mita 300 daga doron teku, Ɗa'ifa kuwa kusan mita 1,800, ta fi Jos tudu nesa ba kusa ba. Tsohon garin yana bakin kwarin Wajj, kuma ruwan wannan kwari da sanyin tudun su suka yi garin. Makka kwari ce da ba ta da shuka, kamar yadda Annabi Ibrahim (AS) ya siffanta ta a addu'arsa, Ɗa'ifa kuwa lambu ce. Tun zamanin jahiliyya attajiran Ƙuraishawa suke da gonakin inabi a can, can suke gudun zafi, daga can ake kawo zabibi da fatun da aka jeme. Malaman tafsiri sun ce garuruwa biyun da kafirai suke nufi a Suratuz Zukhruf, aya ta 31, da suka ce me ya sa ba a saukar da Alƙur'ani ga wani babban mutum na alƙaryu biyu ba, su ne Makka da Ɗa'ifa.

Hanya biyu ce. Akwai ta Hada, wadda ke wucewa ta gefen Arfa, ta ratsa kwarin Nu'uman, inda ruwan Ainu Zubaida yake tasowa, sannan ta kama hawan dutsen Kara da kwana-kwana kamar maciji. Akwai ta Sail, wadda ta fi tsawo amma hawanta a hankali yake, ita manyan motoci suka fi bi. Ni nakan ce a hau ta Hada, a sauko ta Sail. Dalilin hawa ta Hada shi ne hanyar kanta rabin ziyarar ce. Akwai wuraren tsayawa a gefen titi. Ka sa direba ya tsaya a ɗaya, Hajiya ta fito ta leƙa ƙasa, ta ga kwarin da kuka baro ya koma kamar faifai, ta tuna cewa littattafan sira sun ce da ƙafa Manzon Allah ya taso daga Makka zuwa garin nan, da ƙafa ya koma. Na taɓa tsayawa a nan da wani dattijo manomi da ya yi ta surutu tun daga Makka. Ya daɗe yana kallon duwatsun nan baƙaƙe, ya share ido da bakin hiraminsa, bai ƙara magana ba har muka shiga gari.

Biran kuma a nan za ku same su, bika ne manya, garke-garke, suna zaune a kan ƙarfen gefen titi suna jiran mota ta tsaya. Kada a ba su abinci, kada a fito da leda a hannu. A gabana ɗaya ya fizge ledar dabino daga hannun wata baiwar Allah, ya hau dutse ya zauna yana ci yana tofar da ƙwallo. Wani lokaci ana rufe hanyar Hada saboda hazo ko ruwan sama ko gyara, don haka direba ya bincika tun daren.

Abin da Hajiya take son gani

A shekara ta 10 da aiko shi, bayan rasuwar Abu Ɗalib da Nana Khadija, Manzon Allah (SAW) ya tafi Ɗa'ifa tare da Zaidu ɗan Harisa, yana neman Banu Saƙif su karɓi saƙon, su ba shi mafaka. Ya zauna da shugabanninsu uku 'yan gida ɗaya, Abdu Yalil da Mas'ud da Habib. Suka yi masa izgili, daga baya suka tura wawayen gari da bayi suka jeru a hanya suna jifansa har ƙafafunsa suka yi jini, Zaidu yana kāre shi da jikinsa har aka fasa masa kai. Ya fake a wata gonar inabi ta Utba da Shaiba 'ya'yan Rabi'a, Ƙuraishawa ne kuma abokan gaba, amma zumunci ya motsa musu, suka aiko bawansu Addas da inabi a faranti. Da ya ji Manzon Allah ya yi bisimilla kafin ya ci, ya ce mutanen ƙasar nan ba sa faɗin haka. Aka tambaye shi garinsu, ya ce shi Banasare ne daga Ninawa, Manzon Allah ya ce garin bawan Allah na gari Yunusa ɗan Matta ke nan. Addas ya duƙa yana sumbatar kansa da hannuwansa da ƙafafunsa.

Wannan gona ana nuna wurinta a unguwar Masna, a cikin kwarin Wajj, kuma akwai ƙaramin masallaci da ake kira Masallacin Addas. Har yanzu akwai lambuna a kewayen, da katangun dutse, da inuwa. Kusa da shi, a gindin dutse, akwai wani ɗan masallaci da ake ce wa Masallacin Ku'u, wato gwiwar hannu, wai a nan ya jingina ya huta. A nan nake so ka buɗe kunne. Cewa abin ya faru a wannan kwari, wannan sananne ne. Amma gine-ginen da za ku gani an yi su ne ɗaruruwan shekaru bayan abin ya faru, kuma cewa daidai nan ya zauna, daidai nan ya jingina, zancen mutanen gari ne da aka gada baki da baki. Direbobi kuma suna ƙara nasu. Akwai wanda ya nuna wa ayarina wani dutse da ya rataya a gangare ya ce shi ne mala'ika ya tare da aka gangaro wa Annabi. Wani direban, wata tafiyar, ya nuna mana wani dutsen daban da labari iri ɗaya. Za ka ga mutane suna shafa bango, suna ɗibar ƙasa a leda, suna rubuta sunayensu a jikin gini. Ka lallaɓa Hajiya tun a mota cewa kallo kuka zo yi da tunawa, kada ta ga wasu na yi ta ɗauka wani abu ne ya wuce ta. Hawan da ake yi zuwa Masallacin Ku'u ma bai dace da gwiwarta ba, daga ƙasa ana ganinsa sarai.

Ƙarshen ƙissar shi ne ya fi ƙarfi wajen inganci, domin yana cikin Bukhari da Muslim. Nana A'isha ta tambaye shi ko ya ga ranar da ta fi ta Uhudu tsanani, ya ba ta labarin wannan rana, ya ce ya tafi cikin baƙin ciki bai farga ba sai a Ƙarnus Sa'alib. A nan Jibrilu ya zo da mala'ikan duwatsu, wanda ya ce in ya so zai haɗe duwatsu biyu a kansu. Ya ce a'a, yana fatan Allah ya fitar daga tsatsonsu waɗanda za su bauta masa shi kaɗai. Malamai da yawa suna cewa Ƙarnus Sa'alib shi ne Ƙarnul Manazil, wato miƙatin da ke kan hanyar Sail. Dalilina ke nan na cewa ku sauko ta can: ka ajiye wannan yankin na labarin, sai kun tsaya a wurin ka ba ta shi.

Manzon Allah ya sake zuwa Ɗa'ifa a shekara ta 8 bayan hijira, bayan yaƙin Hunaini, wannan karon da runduna. Aka kewaye garin, har aka kafa manjaniƙi, wato abin harba manyan duwatsu, amma ganuwar ta gagara, ya janye. Da aka ce ya yi musu mugunyar addu'a sai ya roƙi Allah ya shiryi Saƙif ya kawo su. A Ramadan na shekara ta 9 suka aiko wakilai Madina da kansu suka musulunta, aka tura Mugira ɗan Shu'uba, wanda shi ma ɗan garin ne, tare da Abu Sufyan suka rushe gunkinsu Lata. Daga wannan ƙabila aka samu Muhammad ɗan Ƙasim da ya kai Musulunci ƙasar Sind yana saurayi. Hajjaju ɗan Yusuf, gwamnan nan da ya yi suna da zubar da jini, shi ma nasu ne, don kada a ce na ɓoye.

Tsakiyar gari

Inda za ku fi jimawa shi ne Masallacin Abdullahi ɗan Abbas. Ɗan baffan Manzon Allah ne, malamin tafsirin sahabbai, a Ɗa'ifa ya ƙare rayuwarsa bayan idanunsa sun tafi, ya rasu a shekara ta 68 bayan hijira. Kabarinsa yana jikin masallacin, a bayan katanga, kusa da inda ake cewa an binne sahabban da suka yi shahada a kewayen garin. Ba a shiga, sallama ake yi daga waje a yi musu addu'a. Masallaci ne babba, a fili yake ba hawa, akwai ɓangaren mata da wurin alwala, don haka ku daidaita Azahar ta same ku a nan, Hajiya ta miƙe ƙafa.

Daga ƙofar masallacin tsohuwar kasuwa 'yar tafiya ce. A nan ake sayar da zuma da man shanu da turare da kayan lambun garin: rumman, inabi, ɓaure, kowanne da lokacinsa, galibi daga tsakiyar zafi zuwa ƙarshensa. Rumman ɗin Ɗa'ifa ya yi suna a duk Saudiyya, har ya sa kowane mai tebur yake rantsuwa nasa na garin ne. Da rana ku nemi salik, abincin da aka san garin da shi, shinkafa ce da ake dafawa da romo da madara har ta yi luguf, a ɗora kaza ko nama a kai. Tsofaffinmu suna son sa, ba ya buƙatar haƙori.

Fadar Shubra tana nan cikin gari, farin gini mai hawa-hawa da tagogin katako masu ado, wanda wani Sharifi ya gina a farkon ƙarni na 20, daga baya Sarki Abdul'aziz ya zauna a ciki, aka mai da shi gidan tarihi. Ana rufe shi lokaci-lokaci, kuma matakala ce da yawa, don haka tsayawa a waje a ɗauki hoto ya wadatar. Garin dai shi ne mazaunin gwamnatin Saudiyya da zafi shekaru da yawa. A nan Sarki Abdul'aziz ya rasu a 1953, Sarki Khalid a 1982, kuma a nan aka ƙulla yarjejeniyar 1989 da ta kawo ƙarshen yaƙin basasar Lebanon.

Wardi

In tafiyarku ta faɗo tsakanin Maris da Afrilu, to ku rage komai ku ba wardi lokaci. Gonakinsa suna Hada da Shafa, kuma kakarsa gajeriya ce, wata ɗaya da 'yan kwanaki. Da asuba ake tsinkar furen kafin rana ta ɗaga, domin zafi yana kwashe ƙamshin. A kawo shi masana'anta a buhuna, a auna, a zuba a manyan tukwanen tagulla da ruwa, a rufe, a hura wuta. Tururin yana bi ta bututu cikin ruwan sanyi, ya riƙa ɗiga a wata ƙatuwar kwalba mai siririn wuya. Man yana taruwa a saman ruwan, siriri kamar zare, sai mai aikin ya sa sirinji ya zuƙe shi ɗigo-ɗigo. Sai an dafa fure sama da 10,000 kafin a samu tola ɗaya, wadda ba ta kai giram 12 ba. Ruwan farko da ya fi ƙarfi suna kiransa arus, wato amarya. Da ruwan wardi haɗe da zamzam ake wanke cikin Ka'aba, kuma a 2024 hukumar UNESCO ta sa al'adun wardin Ɗa'ifa cikin jerin kayan gadon duniya.

Ƙamshin ɗakin nan yana bin tufafi har washegari. Matan da nake rakawa, musamman masu haɗa humra da turaren wuta, nan ne ake shan wahalar fitar da su. Ko ba kaka ba wasu masana'antun suna buɗewa su nuna tukwanen su sayar da kaya. Ka sayi ruwan wardi a can cikin kwanciyar rai. Man kuwa tsada gare shi ƙwarai. Duk wanda ya miƙo maka kwalba a bakin titi da araha ya ce man wardin Ɗa'ifa ne, haɗi ne.

Abin da zan ce ku bari

Kasuwar Ukaz tana kusan kilomita 40 daga gari. Ita ce babbar kasuwar Larabawa a jahiliyya, ana cin ta a watan Zulƙida, mawaƙa suna baje kolin waƙa, babban mawaƙi Nabiga yana alƙalanci a cikin jan tantinsa na fata, kuma Manzon Allah ya riƙa zuwa yana kiran ƙabilu. An farfaɗo da ita a matsayin biki a 2007, amma in ba lokacin wani taro ba, fili ne da rana. Madatsar ruwan Mu'awiya, mai rubutun shekara ta 58 bayan hijira a jikin dutse, abin gani ce ga mai son tarihi da ƙafa mai ƙarfi, ba ga Hajiya ba. Haka ƙauyen Banu Sa'ad da direbobi suke tallatawa da sunan gidan Halimatus Sa'adiyya: yana da nisa kudu da gari, masana tarihi sun yi saɓani a kan ko nan ne, kuma zai cinye muku rabin yini. Motar igiya ta Hada, wadda ke sauka daga kan dutse zuwa ƙauyen Kar, tana da daɗi, daga cikinta ana hango tsohuwar hanyar raƙuma da aka shimfiɗa da duwatsu. Amma ka tambayi Hajiya tukuna. Na ga wadda ta rufe ido tana salati tun daga sama har ƙasa.

Maganar harami

Ɗa'ifa tana bayan miƙati, don haka a dawowa dole ku ƙetare shi, ko a Ƙarnul Manazil ta hanyar Sail, ko a Wadi Muharram ta hanyar Hada. Idan kuna da niyyar wata umarar, a nan za ku ɗauki harami, babu saɓani. Idan ba ku da niyya, masauki kawai za ku koma, a nan malamai suka rabu. Wasu suna ganin ba a shiga Makka sai da harami, in ban da masu yawan shiga da fita, kuma wannan shi ne sananne a littattafan Malikiyya da muka tashi da su. Wasu suna ganin harami yana kan wanda ya nufi hajji ko umara ne kaɗai, hujjarsu lafazin hadisin miƙatai, wanda Ibn Abbas ɗin nan da za ku ziyarta shi ya ruwaito shi. Akwai kuma wata mas'alar a ciki: Imamu Malik ya karhanta maimaita umara a shekara ɗaya, mafi yawan malamai kuwa sun halatta. Ni jagora ne, fatawa ba aikina ba ce. Ka tambayi malamin da kuke bi tun kuna gida, ku tafi da matsaya ɗaya, kada a tsaya a miƙati ana gardama a cikin mota.

Abin da zan iya faɗa daga aiki shi ne, umara bayan yini guda a mota tana da nauyi ga tsoho. In za ku yi, ku ɗauki haramin a miƙati, ku koma masauki, Hajiya ta ci abinci ta yi barci, sannan ku yi ɗawafi da sa'ayi cikin dare ko bayan Asuba, a keken turawa in ta kama. Jinkirin ba ya ɓata komai muddin ana kiyaye dokokin harami. Ka sa mayafan haraminka a jaka tun daga Makka, ko da yake akwai shaguna da banɗakunan wanka a miƙatin. Ita Hajiya kayanta na jiki sun isa, niyya ce kawai da talbiyya. Ka duba Nusuk, manhajar waya ta hajji da umara, ko ana neman izinin umara a ranar. Bizar umara tana ba da damar zuwa Ɗa'ifa, ta hajji kuwa dokarta daban ce, kuma ƙa'idojin suna sauyawa, don haka ka tabbatar a wurin wanda ya yi muku biza, ku kuma fita da fasfo ko hotonsa.

Jikin Hajiya kuwa, likitanta ne zai yanke, ka gaya masa za ku hau tudu mai kusan mita 2,000 cikin awa ɗaya da rabi. Abin da na fi gani a wurin tsofaffi shi ne jiri da tashin zuciya a kwanonin Hada, da toshewar kunne. Ta sha maganinta na safe kamar kullum, ta karya da abu mara nauyi, ta zauna a gaba, direba ya tafi a hankali. In ka san mota tana juya mata ciki ko a gida, ku hau ta Sail ku sauko ta Sail, ku leƙa Hada daga sama kawai. Ka ɗauki rigar sanyi da safa ko da a Makka gumi kuke yi, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu. Ku yi ciniki da direba tun kafin a tashi, a faɗi wuraren da za a tsaya ɗaya bayan ɗaya, da cewa zai jira a miƙati, kuma kuɗin na mota ne gaba ɗaya ba na kai ba. Ku guji Juma'a, kada ta wuce ku a Harami, kuma da safiyarta yawancin shaguna a rufe suke. Talata ko Laraba ta fi, bayan kun yi kwana uku ko huɗu a Makka gajiyar umarar farko ta sake ta.